Jan Bakin da Ya Sauka a Mandera

Assalamu alaikum Gwaggo Salamatu. Don girman Allah ki ba ni aron hankalinki, ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina a rai ya kai inda ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar ƙasa. Na rasa wanda zan faɗa wa a nan. Duk wanda na fara ba labarin sai ya fashe da dariya tun kafin in kai inda ke yi mini ciwo. Ke ma na san za ki yi. Ki yi abarki, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni malamar firamare ce a Boɗinga, nan nake aure, amma haifaffiyar Mandera ce ta ƙasar Shagari. Mahaifina ya rasu. Innata tana can tana noma 'yar gonar da ya bari, ƙaninta Kawu Bawa yana taya ta. Tun ina yarinya ni ake ɗora wa tsaron gona in gero ya fara ido. A kan rumfa nake wuni, ina jan igiyar gwangwanaye ina ihu har muryata ta dushe. Da farko ba abin da na tsana a duniya kamar tsuntsu, amma yawan kallo ya sa na san su ko ban so ba. A can na koyi bambanta tashin kurciya da na hasbiya, na san kukan carki, na san lokacin da shamuwa ke zuwa da lokacin da take barinmu. Na girma, na yi aure, na haihu, abin bai sake ni ba. Maigidana, wanda ke fataucin albasa, ya yi mini tsiya har ya gaji, daga ƙarshe shi da kansa ya sayo mini waya mai ɗaukar hoto da kyau.

Shekarun baya wata ƙungiya, ba zan kama sunanta ba, ta tara irinmu masu son kallon tsuntsaye da tsirrai daga Boɗinga da Danchadi da Shagari da Kajiji, ta buɗe mana zaure a waya. In ka ga abu sai ka ɗauki hoto, ko ka yi magana da murya, ka ce ga abin da ka gani, ga wurin. Abin da ya shafi amfanin gona, kamar fara ko tsutsa, ana tattarawa a kai wa malaman gona. Gwaggo, ban taɓa jin daɗin wani abu kamar zauren nan ba. Ashe ba ni kaɗai ce mahaukaciya ba. Wanda aka naɗa ya kula da yankinmu shi ne Maniru, ɗan Kawu Bawa, wato taubashina. Kin san wasan taubasai, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Amma a aikin zaure yana da ƙoƙari, kowane saƙo sai ya saurare shi da kunnensa.

Bara aka kawo mana abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ni dai Hajiya Na'ura nake ce mata. Aka ce saƙonni sun yi wa Maniru yawa, don haka ita za ta riƙa sauraren muryoyinmu, ta juya su zuwa Turanci, ta ware na aiki, ta zubar da talla da shirme. Tana kuma faɗin sunan tsuntsu in ka nuna mata hoto. Tun daga nan zauren ya fara ba ni ƙyama. Mutanen da a da za su tsaya su kalli baki da ƙafa da yadda tsuntsu ke tafiya, yanzu sai su miƙa waya kawai, Hajiya ta faɗi wani dogon suna, su kwafa su aiko, ko kallon tsuntsun ba su yi ba. Wani ma, Nasiru, ya aiko hoton gauraki biyu suna rawa a bakin wani tafki na Kajiji, ga giginyoyi a bayansu. Na san tafkin nan kamar tsakar gidanmu, ko giginya ɗaya babu a wurin. Wata na'ura ce ta zana masa, 'yar'uwarta Hajiya kuma ta yaba, aka ba shi tauraro. Na yi magana aka ce hassada ce.

To, ga abin da ya faru da ni. A daminar bana na je Mandera duba Inna, gero ya fara ido. Da la'asar sakaliya ina gefen fadama sai na ga wani abu kamar hayaƙi yana tasowa daga gabas, yana lanƙwasa yana miƙewa. Nan take na gane shi. Jan baki ne, tsuntsayen nan ƙanana masu jan baki da ke saukar wa gona su bar maka kara tsaye. Tunda nake ban taɓa ganin taronsu mai yawan haka ba. Na ɗauki bidiyo, sabis ya ƙi, bai tafi ba. Sai na danna murya, na yi magana yadda muke yi a gida. Ga abin da na ce, ban ƙara ban rage ba: "Jama'a, jan baki ya iso Mandera, mai yawan gaske, ban taɓa ganin irinai ba. A hwaɗa ma mutane su yi hanzari, wanda duk yay yi jinkiri ba shi iske komi."

Hajiya Na'ura ta saurara, ta juya, ta yanke hukunci. Wai wata mata ce ke tallar jan bakin kwalliya, na shafawa a leɓe, wai sabon kaya ya iso Mandera, a yi sauri kafin ya ƙare. Ta ɓoye saƙona, ba wanda ya ji muryar. Ta aika wa Maniru taƙaitaccen bayani da Turanci, shi kuma ya ɗauki hoton bayanin ya sa a zaure da fuskokin dariya, ya rubuta cewa taubashiyarsa ta buɗe shago, kuma bisa doka an dakatar da ni na ɗan lokaci saboda talla.

Gwaggo, ba na'urar ce ta fi ba ni takaici ba. Maza ne cike da zauren nan, manoma 'ya'yan manoma, waɗanda kowannensu ya taɓa korar jan baki da majajjawa. Sun karanta kalmar da Turanci, ba wanda ya tsaya ya mayar da ita Hausa a ransa ya ce kai, tsaya, da damina, a Mandera, gero na ido? Ba ko ɗaya. Sun ga sunan mace, sun ga kayan kwalliya, shi ke nan magana ta zauna musu daidai. Ni da na shekara da shekaru ina aiko musu da shamuwa da balbela da zalɓe, ranar da aka ce ina talla ba wanda ya yi ko tantama. Tir da wannan hali, wallahi tir.

Na kira Maniru nan take. Kafin in buɗe baki ya fara tambayata wace kala ce za ta dace da matarsa, yana dariya har da tari. Zuciya ta ɗebe ni na kashe wayar. Ya sake kira ban ɗauka ba.

Mutanen gari sun yi iya yinsu. Aka fito da gwangwani da ganga da tsummoki, manya da yara, Inna da tsufanta tana kaɗa faranti har hannunta ya kumbura. Amma abin ya fi ƙarfin ihu. Rahoton da zai kai ga malaman gona bai je ba, da suka ji labari ta wata hanya an riga an yi ɓarna. Geron Inna, in ban da abin da ba a rasa ba, ya tafi. Na tsaya a gonar ina kallon zangarniyoyi fayau kamar an tsefe su. Ban ce da an ji saƙona da ba a yi asara ko kaɗan ba, wannan sanin Allah ne. Amma da an gwada.

Sai daga baya wani ya buɗe muryar ya saurara, aka gane abin da ya faru. Kin san yadda aka ba ni haƙuri? Maniru ya zo har gidana a Boɗinga, ya gaisa da maigidana, ya zaro wani ɗan ƙunshi daga aljihu ya ajiye mini. Na buɗe, jan baki ne na shafawa, sabo fil. Wai toshiyar taubashi. Geron gwaggonsa ya salwanta, shi kuma wasa yake gani. Ban san sanda na tashi na bar masa ɗakin ba. Ta bakin maigidana ya bar saƙo cewa ƙungiya na son in dawo, kuma tana son in ba da muryoyin da na daɗe ina ɗauka a wayata na sunayen tsuntsaye da Hausarmu, a koya wa Hajiya don kada ta sake. Wato ita ta ci mutuncina, ni kuma in zama malamarta. Yanzu ko a makaranta abokan aiki sai su tambaye ni ko kaya sun iso.

Ga inda nake neman shawararki, kuma wannan ko maigidana ban faɗa wa ba. Tsuntsayen ba su tafi ba. Duk zuwan da na yi Mandera ina bin tashinsu da ido in rana ta yi sanyi, har na gano inda suke kwana. Wani surƙuƙin ciyawar ruwa ne a wata fadama tsakanin Mandera da Kajiji, inda ba a cika bi ba. Na tsaya daga nesa gab da magariba na ga suna zuba a ciki kamar ana juye buhu. A iya sanina ba wanda ya lura. Ga shi dawa ta fara fitar da kai, ta Kawu Bawa da ta sauran mutanen gari, kuma ita ce abin da ya rage wa Inna ta dogara da shi bana.

Na ɗauki waya in faɗa ya fi a ƙirga, sai in tuna fuskokin dariyar nan in ajiye. Wani sashe na zuciyata yana cewa su je su tambayi Hajiyarsu, tunda ita ce mai ilimi. Ina kuma da wani tsoron na gaske. In na faɗa aka zo aka yi feshin magani, ba jan baki kaɗai ke wurin ba. Akwai balbelu da zalɓe, kuma Fulanin Kajiji suna shayar da shanu a ƙasan fadamar. Ban san ko tausayin tsuntsayen ne ke riƙe ni ko fushi ba, sun cakuɗe mini. Shin in koma zauren da aka mayar da ni abin dariya? In ba su muryata? Ko in goge komai in huta, in bar tsuntsu ya zama tsuntsu kamar yadda yake ga kowa? Ki gafarce ni da tsawaitawa.

Taki,
Mai Tsaron Gona, Boɗinga

Wa'alaikumus salam, Mai Tsaron Gona.

Na yi dariyar, ba zan ɓoye miki ba. Da na kai ga hannun Inna da faranti sai dariyar ta ɗauke. Allah Ya mayar mata da alheri. Abin da aka yi miki ba daidai ba ne, kuma kina da gaskiya da kika ce ba na'urar ce babbar mai laifi ba. Ita kalma ɗaya ta tarar mai ma'ana biyu, ta ɗauki wadda ta fi sabawa da ita. Ba ta taɓa tsayawa a gona ba, ba ta san watan da ake ciki a Mandera ba. Waɗanda suka sani su ne suka karanta suka yi dariya. Ni ma abin ya ba ni ƙyama, musamman yadda sunan mace ya ishe su hujja.

Amma tambayoyi uku kika yi mini, kin bar ta huɗu a tsakiyar wasiƙa, ita ce kuma mai gaggawa. Zaure zai jira, muryoyinki za su jira. Dawa ba za ta jira ba. Ranar da kika karanta wannan amsa, ki faɗi inda tsuntsayen nan suke kwana. Ba sai ta zaure ba, ba sai ta hannun Maniru ba. Ki fara da maigidanki, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Sannan ki kira Kawu Bawa, ku je wurin mai gari, a nemi malamin gona a faɗa masa baki da baki. In da hali ki raka su ki nuna da yatsa.

Tsoronki game da feshi tsoro ne mai tushe, kada ki yar da shi. Ni ba malamar gona ba ce, ba zan ce miki ga yadda za a yi ba. Abin da na sani shi ne, in kika je da kanki za ki faɗi wurin tare da abin da ke cikinsa: ga balbelu, ga zalɓe, ga mashayar shanu. Ki nemi a sanar da ardon Fulanin kafin a taɓa komai, ki tambaya ko akwai wata dabara da ba magani ba. In kika yi shiru, wata rana wani zai gano wurin, kuma ba lallai ya damu da balbela ko saniya ba. Shirunki ba ya kare su. Kin ce ba ki san ko tausayi ne ko fushi ke riƙe ki ba. Ina jin kin sani, tunda fuskokin dariya kike tunawa in kin ɗauki waya, ba balbelu ba.

Zan kuma faɗa miki wadda ba za ki so ba. Ranar da kika kira Maniru, ya yi wauta, amma ke ce kika kashe waya, ya sake kira kika ƙi ɗauka. Kalma uku, tsuntsu nake nufi, da sun tsayar da dariyarsa. Ban faɗi haka don in ɗora miki asarar geron ba, ba ke kika ɓoye saƙon ba. Na faɗa ne don na ga hannunki yana komawa kan madannin kashe wayar nan a karo na biyu.

Shi kuwa Maniru, ina zargin kunya ce ta sa shi zuwa da ƙunshin nan. Akwai mazan da kalmar yi haƙuri ke yi musu nauyi a baki, sai su ɓuya a bayan wasa, taubashi kuwa ya samu maɓoya a shirye. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Wasan taubasai yana da iyaka, ba ya shiga inda aka yi asarar abinci. Ki faɗa masa haka a gaban mahaifinsa, cikin natsuwa. Tunda a zaure ya sa hoton da ya kunyata ki, a zaure zai rubuta cewa bai saurari saƙonki ba, kuma tsuntsu kike nufi. Wannan haƙƙinki ne, ki nema ba tare da jin nauyi ba. Bayan nan ki yafe masa, ɗan kawunki ne, za ku haɗu a suna da biki har ƙarshen rayuwa.

Batun komawa zaure, ni dai ina so ki koma, amma da sharaɗi. Na farko, kada na'ura ta sake ɓoye saƙon kowa sai mutum mai jin Hausar wurin ya saurare shi da kunnensa. Na biyu, duk saƙon da ya shafi gona a kira mai shi a tambaye shi. Hoton da na'ura ta zana kuma, irin na Nasiru, a cire shi, don yana ɓata aikin kowa. Ban ce a kori Hajiyar taku ba. Saƙonni sun yi yawa da gaske, mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma ta iya tattara abu da sauri. A bar ta ta tattara, yanke hukunci ya zauna a hannun mutane.

Muryoyinki naki ne. Ba dole a kanki ki bayar, kuma kada a sa ki jin kamar kin yi rowa in kin ƙi. In kin ga za ki bayar, ki fara tambaya a ina za a ajiye su, wa zai yi amfani da su, da sunan wa, kuma ko za ki iya janyewa in kin fasa. Su ba ki amsa a rubuce. In amsar ta gamsar da ke, ki tuna cewa wata mata a Danchadi ko Kajiji za ta iya aika irin saƙonki baɗi, kuma gara a fahimce ta. In ba ta gamsar da ke ba, ki riƙe abinki. Gogewa dai kada ki yi. Tun kina kan rumfa kike wannan kallo, babu zaure babu waya, ba su suka ba ki shi ba balle su karɓe.

Jan bakin da ya kawo miki ki ajiye shi. Ranar da dawar Kawu Bawa ta shiga rumbu, in sha Allah, ki mayar masa a gaban jama'a ki ce ya kai wa matarsa, kalar ta dace. A ranar wasan zai zama wasa, ke ce kuma za ki ci.

'Yata, na'ura ta ɓoye saƙonki na farko ne don ba ta san abin da ke cikinsa ba. Wannan na biyun ke kika ɓoye shi, kuma kin san abin da ke ciki, kin san tuwon wa tsuntsayen za su ci. Ki tashi ki je Mandera. Allah Ya tsare dawar, Ya ba Inna lafiyar hannu, Ya sanyaya miki zuciya, Ya bar ki da idonki mai gani.

Gwaggo Salamatu